Zane Uku a Jikin Tamostat

Ƙanina bakanike ne, kuma a duk kanikawan Minjibir ban san wanda ya fi shi sanin injin gas ba. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shekara tara na ba shi, ni na riƙa saɓa shi a kafaɗa zuwa gona, ni kuma na raka shi birni ranar da aka kai shi koyon aiki. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san ko wane ne na zarga da cuta a kan wani ɗan ƙarfe da faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba.

Ni malamin firamare ne, shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da alli. Aikin ya bar mini wani hali da ba na alfahari da shi: idan yaro ya kawo mini amsa daidai, abin da nake fara dubawa shi ne wa ke zaune kusa da shi. Maiɗakina ta sha faɗa mini cewa ko gishiri ta ce ya ƙare sai na leƙa gwangwanin da kaina. Ba sharri ta yi mini ba.

Motata akori-kura ce mai shan gas, tsohuwa, Allah kaɗai ya san hannu nawa ta bi kafin ta iso nawa. Na saye ta ne don in riƙa rage zafi. Ranakun da babu makaranta nakan ɗauko albasa da tumatir daga wajen masu noman rani na Watari, da kaka kuma in kai gyaɗa da gero kasuwannin ƙauye. Tun da ta shigo gidana ƙanina ke duba ta, kuma bai taɓa karɓar ladan aiki a hannuna ba. Idan na miƙa sai ya sha kunu kamar na zage shi.

Wata Asabar cikin bazara, na yi lodin albasa ina dawowa bayan azahar, sai na ga allurar zafi tana hawa. Na rage gudu, ba ta sauka ba. Kafin in yi wani tunani ta dangana da ja, tururi ya fara bulbulowa ta gefen murfin inji. Na gangara gindin wata darbejiya na kashe. A nan na zauna ina kallon albasar mutane tana dahuwa a rana, ina tsaki ni kaɗai. Da injin ya huce na ɗura ruwan jarka, na lallaɓa. In yi 'yar tafiya in tsaya, in yi 'yar tafiya in tsaya, sai dab da magariba na shiga garejin ƙanina, rigata ta jiƙe sharkaf.

Bai tambaye ni komai ba. Ya taɓa tiyon nan, ya taɓa wancan, ya ɗora tafin hannu a jikin lagireto, ya ce tamostat ne ya maƙale. Washegari da safe ya kwance notuna uku ya zaro abin ya nuna mini, duk ya yi tsatsa. Ya yi mini bayani cewa aikinsa shi ne ya tare ruwa har sai inji ya ɗumama, sannan ya buɗe ruwan ya zagaya lagireto. Nawa ya rufe ne ya ƙi buɗewa. Yana gama faɗa ya cilla shi cikin wani tsohon bokitin fenti da ke ƙarƙashin teburinsa, ya mayar da murfin mazauninsa a jikin inji haka nan, babu komai a ciki.

Na ce ina sabon da za a sa? Ya yi dariya ya ce ai wannan kayan ƙasar sanyi ne, mu nan da rana take soya ƙwai a kan bodi me za mu yi da shi? Duk motar da ta shigo, abin da ake fara cire mata ke nan. In tafi abina, ba za ta ƙara tafasa ba.

Ni kuwa idona yana kan bokitin. Cike yake taf da irin wannan ƙarfen, kuma ba duka ne masu tsatsa ba. Wasu sai ƙyalli suke yi.

Motar ba ta ƙara tafasa ba, gaskiyarsa. Amma da safe sai in yi tafiya mai nisa allura tana kwance a ƙasa ba ta motsa ba, hayaƙi ya ƙaru, kuma na ga gas yana tafiya fiye da da. Na kai zancen majalisarmu ta ƙofar masallaci. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon direban babbar mota, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar kudu. Bakinsa ba ya gajiya, amma ya san mota. Ya ce cire wa injin gas tamostat ganganci ne, injin ba zai taɓa kaiwa zafin da yake so ba, zai yi ta zuƙe mai yana cin kansa a hankali. Waɗanda suka ƙera shi ba mahaukata ba ne da za su sa abin da ba shi da amfani. Na ji daɗin wannan magana, don ta zo daidai da abin da raina ya ba ni. Da ya tsaya a nan da ya yi mini alheri. Sai ya matso ya rage murya.

"Malam, waɗanda suke cirewa ɗin, ka taɓa ganin ɗaya a bola?"

Ya ce wankewa suke yi da fetur, su ajiye, ranar da wani ya zo nema su sayar masa a matsayin na Beljiyam. Su cire maka naka da sunan taimako, su sayar wa na bayanka. Na ce ai wannan ƙanina ne, ko ladan aiki ba ya karɓa. Dattijon ya kalle ni ya yi wani ɗan murmushi, ya ce to ai shi ke nan, ya ci gaba da jan carbinsa.

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi a kan murmushin nan. Ina tafiya gida abubuwa suka fara jeruwa a kaina da kansu. Batirina da na kai bara, da aka dawo mini da motar sai na ga kamar kan batirin ya canza kala. Sabon rufin kwanon da ƙanina ya yi wa gidansa kafin damina, alhali kullum kukansa babu aiki. Shekara goma sha da ya yi a birni cikin kanikawa, wa ya san abin da ya koyo ban da ɗaure noti? Na yi a'uziyya, na ce wannan shaiɗan ne. Bayan sallar la'asar na sake ɗauko lissafin daga farko.

Na koma gareji na ce wa ƙanina ina so a mayar da tamostat. Ya ce to, Yaya. Haka yake tun yana yaro, ba ya musu da ni, ko da kuwa a fuskarsa an ga bai yarda ba. Ya jawo bokitin nan ya tona, ya zaro wani mai ƙyalli ya ce wannan daga jikin irin motata ya fito, wanda ya zo da mota ne tun daga kamfani, ya fi duk wani sabo da zan samu; ya sa mini yanzu, kyauta. Idan kuma sabo nake so, akwai na kasuwa wanda ba na kamfani ba, mai sauƙi, yana yin shekara biyu lafiya, zai kira mutuminsa a birni a aiko.

Ga shi nan dai, abin da dattijo ya faɗa, ido na ganin ido: an ciro daga motar wani za a sa a tawa. Yau kyauta ce don ni ne, gobe fa? Sannan ga wani mutuminsa a birni. Na ce a'a, na kamfani nake so, sabo dal a kwalinsa, kuma ni zan je in sayo. Ya ce to bari ya raka ni, kasuwar nan ba ta baƙo ba ce, za su yi mini wayo. Na ce na gode, yara arba'in nake juyawa kullum, ɗan kasuwa ɗaya ba zai gagare ni ba. Ya ɗan dube ni, ya mayar da na hannunsa cikin bokiti, ya ce to.

Kasuwar kayan mota ta birni, in kana neman inda zargi zai yi ƙiba, je can. Shago na farko na ce tamostat nake so orijina. Mai shagon ya ce mini Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, sannan ya tambaye ni wane orijinan nake so. Na ce ashe orijina ma iri-iri ne? Ya jero kwali uku a kan kanta. Wannan na kamfani ne zalla, wannan mai bi masa ne, wannan kuma na lallaɓawa ne. Na juya su na sake juyawa. Kwalayen kusan iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, har da ɗan tambarin nan mai walƙiya. Kuɗin na farko kuwa ya ninka na ƙarshe har ya yi saura. Na ce to me zai hana ka sa na lallaɓawa a kwalin na kamfani? Ya ce tsoron Allah. Na ce madalla, na fita.

Shago biyar na shiga, kowa ya rantse nasa ne na gaske, na maƙwabcinsa jabu. Ƙafata ta gaji, na dawo wajen na farko, don shi ne aƙalla ya yarda yana da na banza. Na ce masa akwai gwajin da aka koya mini: a dafa su. Dattijon majalisa ne ya faɗa mini. Na zaci zai kore ni, sai ya kwashe da dariya ya ce rabon da ya ga mai wannan gwajin ya daɗe. Ya kwashi ukun muka nufi wajen mai shayin layinsu. Mai shayi ya ce ba dai a tukunyarsa ba, ya ba mu wani tsohon gwangwanin madara babba, muka cika da ruwa muka ɗora a wuta. Muka ɗaure kowanne da waya muka zura.

Na tsuguna na zuba ido kamar mai gadin jarrabawa. Ruwa ya fara kuka, 'yan ƙananan kumfa suna tasowa, sai na kamfanin ya fara buɗe baki a hankali, sumul, har ya buɗe sosai. Mai bi masa ya daɗe kafin ya motsa, kuma da ya buɗe bai kai rabin na farkon ba. Na lallaɓawa kuwa ko gezau, sai da ruwa ya tafasa yana tsalle sannan ya fizge ya karkace gefe guda, ya tsaya a haka. Mai shagon ya ce kada in raina na biyun, direbobi da yawa shi suke sa wa kuma suna zuwa har kudu da shi; amma mai ɗaukar lodi cikin bazara, gara ya cije ya sayi na farko. Ya nuna mini wani ɗan mitsitsin ƙarfe mai reto a gefen na kamfanin, kamar ɗankunne, ya ce ta nan iska ke fita, sauran biyun ba su da shi. Ban bari ya taɓa wanda ya ci gwajin ba. Ni na tsamo shi da kaina, na goge, na sa a kwali tare da gaskit ɗinsa, wato 'yar takardar da ke hana yoyo a bakin murfi, na biya.

A bas ɗin komawa ina ta jin kaina, kamar na ci yaƙi. Muna wuce gonakin bakin gari farin cikin ya fara tsiyayewa. To, na samo na gaske. Gobe kuma hannun wa zai shiga? Hannun mai bokiti cike da masu kama da shi. In ya sa mini ɗaya daga ciki ya ɗaure murfi, ta ina zan sani?

Da sassafe na zauna a zaure da kwalin da ƙusa guda. Na ce zan ɗan yi masa alama a gefe, inda ba za a lura ba. Ban tsaya tunanin wace alama ba, hannuna ne ya yi abinsa: zane biyu a tsaye, ɗaya ya gitta su.

A ƙauyukanmu gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, babu abin da ba a ara. Fartanya, garma, buhu, tsani, har akushin biki. Saboda haka kowane gida yana da shaidarsa da yake yi wa kaya, don in an tashi daga gayya ko an gama taro kowa ya gane nasa ba tare da an yi cacar baki ba. Ta gidanmu ita ce wannan, zane biyu da gicciye. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da jan ƙarfe yake ƙona ta a ƙotar fartanya, mu muna hura masa wuta. Na yi ta a buhunan gyaɗa sau ba adadi. Shi ya sa ƙusar tana taɓa ƙarfen ta tafi inda ta saba.

Maiɗakina ta fito da buta ta same ni ina hure ɗan garin ƙarfen. Ta tsaya ta duba, ta tambaye ni wa zai ari wannan kuma. Na ce ta je ta ji da kokonta, harkar mota ba tata ba ce. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma ciki.

Na isa gareji na tarar ƙanina yana ƙarƙashin wata tarakta. Ya ce injina da zafi, ga kuma mai tarakta yana jira tun jiya, in bar masa motar in dawo bayan an tashi makaranta. Ka ji fa. Na so in ce zan jira, amma ranar muna da gwajin ƙarshen zango, babu halin in ƙi zuwa. Na miƙa masa kwalin, na hau babur ɗin haya, ina waiwaye har muka sha kwana.

Ranar nan yara sun ji a jikinsu. Wanda ya yi tari ma sai na ce ya miƙe a duba aljihunsa. Ina zagaya aji amma idona yana ganin hannun ƙanina cikin bokitin fenti.

Da na koma an gama. Kwalin yana kan kujerar direba, babu komai a ciki. Ƙanina yana wanke hannu da fetur, bai ɗago sosai ba. Ya ce in riƙa duba ruwa kwana biyu, shi ke nan. Bai rako ni bakin titi ba, bai ce in gaida gida ba. Na ce a raina, lallai, mara gaskiya ke nan, ko ido ya kasa haɗawa da ni.

Motar kuwa ta yi lafiya ƙalau. Allura takan hau ta tsaya a tsakiya cak, ko da lodi ko babu, hayaƙi ya ragu. Mai hankali da sai ya gode wa Allah ya yi shiru. Ni sai na kai wa dattijon majalisa labari, shi kuma ya ce ai ko na cikin bokiti aka sa haka za ta yi, na 'yan watanni. Daga nan duk ƙarar da na ji a inji sai in ce ga shi nan ya fara. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ranar Juma'a muka haɗu da ƙanina a masallaci, muka gaisa sama-sama, na bi sababbin takalmansa da kallo.

Kwana takwas na daure. Ranar kasuwar Gezawa, bayan na sauke kaya, na nemi wani bakanike a bayan tasha wanda bai san ni ba. Na shirga masa ƙarya cewa ban daɗe da sayen motar ba, ina so in san ko akwai tamostat a ciki. Ya ce in dai ba ta zafi me ya kai ni? Na ce kuɗina ne ko nasa? Muka zauna muka jira inji ya huce, ni ina ta kaɗa ƙafa. Ya kwance notuna, ya ɗaga murfi, gaskit ɗin ya yage biyu, ya zaro abin ya miƙo mini.

Zane biyu a tsaye, ɗaya ya gitta. Nawa ne.

Bakaniken ya ce wannan ai na kamfani ne, kuma wanda ya ɗaura shi ya san aiki, ya nuna mini yadda aka juya ɗan ƙarfen mai reto ya kalli sama. Ya ce da yawa ba su san haka ake yi ba. Zan faɗi gaskiya, tunda na ɗauko faɗa: abin da na fara ji ba daɗi ba ne. Wani irin haushi na ji, irin wanda nake ji idan na zazzage aljihun yaro ban sami takarda ba. Bayansa kunya ta zo ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Bayan kunyar sai na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, babu wanda ya sani, daga ni sai wannan baƙon. Ya yanko gaskit daga kwalin sabulu, ya lafta masa wani jan gam, ya ɗaure. Na kama hanya har ina shirya irin tsarabar da zan kai wa 'ya'yan ƙanina.

Kwana uku bayan nan na fito da safe na ga ƙasa a jiƙe a ƙarƙashin inji. Na buɗe, ruwa yana tsattsafowa daidai bakin murfin nan, ga jan gam ya bushe ya zagaye shi, ko daga nesa ana hango shi. Na ɗauko sifana na ƙara ɗaurewa, yoyon ya ƙaru. Na sa tsumma na dirza, na sa wuƙa na kankare, jan nan ya ce yana nan. Komawa Gezawa wajen wanda ya ɓata aikin, motar ba za ta kai ba tare da ta tafasa ba. In kai wa wani a Minjibir, kafin azahar labari ya isa kunnen ƙanina, don babu wanda bai san motata ba. Ga lodin albasa da na yi wa mutane alkawari jibi. Na cika jarka biyu, na shirya ƙaryata a hanya: zan ce ta tsaya mini ne a Gezawa, dole ta sa na bari wani ya taɓa.

Da na isa gareji, ƙanina ya ɗaga murfin inji ya duba. Ya sa babban yatsa ya shafa jan gam ɗin, ya daɗe yana shafawa. Na fara zuba bayanina, ya bar ni na kai har ƙarshe bai katse ni ba. Ni kaina ina ji na san ko ɗan aji uku ba zai yarda ba. Motar da ta tsaya ba ta nan ake buɗe ta ba. Da na yi shiru ya je ya ɗauko benci, ya ajiye shi dab da gaban motar, ya kakkaɓe.

"Zauna nan, Yaya."

Na ce ai zan je wajen mai shayi in jira. Ya ce a'a, in zauna nan. Na zauna. Ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan kwali a gabana. Ya zaro tamostat ɗin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya juya shi har zanen ya kalle ni.

"Tun ranar farko na gani," ya ce. "Na ce hannunka ne ya saba. Kullum in na tuna sai in ce wa kaina hannunsa ne ya saba."

Ya ɓanɓaro ɗan jan gam da farce ya ɗora a kan kwalin kusa da notunan.

"Wannan kuma ba hannu ne ya saba ba."

Zuciyata ta taso, don ni ba a saba titsiye ni ba, balle ƙanina. Na buɗe baki zan ce to bokitin nan fa, batirina fa, ni ne babba ina da ikon in duba kayana. Kafin in furta ya riga ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki.

"Baba bai taɓa yi wa abin da zai ba ɗan gida shaida ba. Sai wanda zai je hannun bare."

Na duba, gaskiya ne. Fartanyar da Baba ya ba ni ranar da na fara noma gayaunata ba ta da zane, ta ƙanina ma haka.

Ya kankare wajen tas, ya fito da sabon gaskit daga aljihun teburinsa, ya nuna mini gaba da baya kafin ya sa. Ya mayar da tamostat ɗin, ɗan ƙarfen yana kallon sama, ya ce in duba. Ya ɗaure, ya cika ruwa, ya tayar da inji muka tsaya har allura ta hau tsakiya. Yana goge hannu ya ce, af, ni ne da gaskiya a kan abin nan, motar ta fi lafiya da shi, ya ma fara mayar wa masu injin gas da nasu. Ban taɓa jin an ba ni gaskiya ta yi mini ɗaci irin na ranar ba.

Zancen bokitin ban tambaye shi ba, na batir ma haka. Har yau ban san amsarsu ba, kuma na daina jin ina da bakin tambaya.

Ranar Juma'ar da ta biyo na je gidansa bayan an sauko, na ce masa na yi kuskure, ya yafe mini. Ban taɓa faɗa wa na ƙasa da ni haka ba. Ya ce haba Yaya, ba komai, ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Matarsa ta kawo fura muka sha a ƙwarya ɗaya. Na fito ina ganin an gama.

A wajen zumunci kuwa babu abin da ya rage. Suna, biki, jana'iza, shi ne na farkon zuwa. Da na kwanta zazzaɓi shi ya kai ni asibiti a bayan babur ɗinsa. Amma daga ranar nan bai ƙara taɓa motata ba sai ina tsaye. Idan na kawo ta zan wuce makaranta, sai ya ce ba damuwa, zai jira in taso. In dawo in same ta yadda na bar ta, ko murfi ba a ɗaga ba. Duk abin da zai sa sai ya ɗaga shi ya juya mini gaba da baya, ya ce, ka gani, Yaya? Ba zai sa ba sai na amsa. Duk abin da ya cire, komai lalacewarsa, sai ya ƙulle a leda ya ajiye mini a kujera. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce masa wallahi wannan abin yana ci mini rai. Ya ce to, Yaya. Zuwa na gaba ya sake ɗauko bencin.

Shekara uku ke nan. Watan jiya fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, ya tsinke, na sayo sabo na kai. Na ce yau sai na karya wannan abu. Na ajiye masa a kan teburi, na ce sauri nake yi, ya sa kawai, na yarda da shi. Na tsallaka titi wajen mai shayi, na zauna na juya wa garejin baya da gangan. Na sha kofi ɗaya a hankali, na ƙara na biyu, na ja mai shayin da hirar farashin taki wadda ba ta dame ni ba, ina kasa kunne ko zan ji ƙarar sifana. Ban ji ba.

Da na gaji na waiwaya. Yana tsaye a gaban motar cikin rana, sifana a ƙasa, fambel ɗin a hannunsa ko ledar bai yage ba, yana jira in zo in gani.